An Toshe Ƙofar Ta Ƙurya

Wanda bai taɓa zama a lungu ba, in ya ji kalmar sai ya yamutsa fuska, wai shi ɗan birni. A wurinsa lungu shi ne inda kwata ke wari, inda ɓera ke kiwo da rana tsaka, inda 'yan sanda ke cewa ɓarawo ya shige ya ɓace musu. Masu rediyo ma ba su raga wa kalmar ba. In suna so su ce abu ya kai har inda ba a zato, sai su ce ya shiga lungu da saƙo, sai ka ce mutanen ciki ba a duniya suke ba. Alhali lungu ba unguwa ba ne, don ba shi da mai unguwa. Ba layi ba ne, don layi yana ɓullewa, mota ta shiga ta fita. Lungu baki ɗaya gare shi, ta inda ka shiga ta nan za ka fito, kuma duk wanda ƙofarsa ke buɗewa a cikinsa ɗan lungu ne, ko ya so ko ya ƙi.

Lungun da ake maganarsa a nan ƙanƙane ne ƙwarai. In mai ruwa ya shigo da kurarsa, duk mai tafe sai ya manne da bango ya tsuke ciki. Ƙofar ƙarshe, can inda hanya ta ƙare, ita ce ta tsohuwar da kowa ke kira Ta Ƙurya. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa. Tun tana amarya aka laƙa mata wannan, mijin da ya kawo ta ya rasu ya bar ta da shi. Ƙofar da ke kallon tata kuwa ta Makitsiya ce, kuma kusancinsu ya kai in ɗaya na son rariya, ɗayar za ta miƙo mata ba tare da kowa ta nemi takalmi ba.

A lungun nan ba a sanarwa. Ba wanda ya kafa dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. In an haihu, kukan jariri ne zai gaya maka. In an yi faɗa, da kunnenka za ka ji, har ka san wa ya fara. In an yi rasuwa, kafin a gama rufe wa mamaci ido mata sun cika tsakar gida. Aike na mutanen nesa ne, dangi na wani gari da surukai na wata unguwa. Ka aika wa ɗan lungu cewa abu ya faru a lungu? Ai zagi ne, kamar ka ce masa kurma ne ko ba shi da kara.

To, a irin wannan wuri da ko miya ka ƙona sai an sani, abu ɗaya ne tak ya taɓa ɓuya. Shekarun baya Makitsiya ta ce za ta je jinyar yayarta a wani gari, Ta Ƙurya ta ce za ta raka ta. Ba wata yaya. Asibiti suka je, likita ya yanke wa Makitsiya nonon hagu saboda wani ƙulli da ya fito mata. Ta Ƙurya ce ta yi jinyarta, ita ce kuma ta ɗinka mata ɗan matashi na auduga da take cusawa cikin riga. Suka dawo, Makitsiya ta ci gaba da kitsonta da gayunta da baƙar maganarta kamar ba abin da ya ragu a jikinta. Ko 'yar cikinta, da ke aure a nesa, ba ta sani ba.

"Ni ba mutuwa nake tsoro ba," in ji Makitsiya wata rana tana tsefe wa Ta Ƙurya kai. "Bakin matan nan nake tsoro. Na san su sarai, a gabana suke zama su zazzage mini cikinsu. Ranar da na mutu, in wata ta ga ƙirjin nan, kafin a kai ni an raɗa mini sabon suna."

"To sai me? Kina kwance za ki ji?"

"Zan ji mana! Ni da ko allura ta faɗi a gidan tela sai na ji? Ke dai ki yi mini alkawari. Ke za ki yi mini wanka, ke kaɗai, ki ja ƙofa. Mai kawo ruwa ma ta tsaya bayan labule ta miƙo miki."

"In na riga ki fa?"

"Ke? Irinku ba ku mutuwa da wuri, sai kun ga bayan kowa."

Ta Ƙurya ta yi dariya har matsefi ya kuɓuce wa Makitsiya, sannan ta ɗauki alkawari da sunan Allah. Bai yi mata nauyi ba ko kaɗan. Mene ne a ciki, tsallake kwata ne kawai ta shiga.

Ana nan sai gwamnati ta tashi yanka hanya. Bayan gidan Ta Ƙurya a da juji ne da ciyayi, inda awaki ke yini. Aka kawo katafila ta share, aka malala kwalta, aka wayi gari bangon bayan gidan yana kallon titi, motoci na wucewa fuu. Mutane suka ce Ta Ƙurya ta taka sa'a. Ɗanta ya fi kowa faɗin haka.

Shi kaɗai ta haifa. Gyaran janareto yake yi, ya sa wa kansa Injiniya har sunan ya bi shi. Kada dai a zalunce shi, ba mugun ɗa ba ne, kuma ya sha wuyar lungu. In mai kaya ya kira shi ya ce ina shagonka, ya ce lungun bayan kemis, ƙofar ƙarshe, sai ya ji an yi shiru a waya. Wanda ya daure ya zo kuwa, sai an sauke injin a bakin lungu an turo shi a baro, ana karo da bango, mata na mita don baƙin mai ya ɗiga musu a ƙofa.

Wata safiya ya same ta tana tsince shinkafa, ya tsuguna.

"Inna, zan fasa ƙofa ta baya, in yi shago a bakin titi."

"Allah ya sa albarka, Babana."

"Ta gaban kuma za a toshe. Zauren zai koma sito."

Ta ajiye faifan. "A toshe me?"

"Ƙofar, Inna. Gida mai ƙofa biyu ɓarawo yake yi wa aiki, ni kuma kayan mutane zan riƙa ajiyewa. Sannan wallahi na gaji da kalmar nan. Lungu, lungu! Tun ina makaranta ake ce mini ɗan lungu. Yanzu Allah ya kawo mu titi, sai mu ce ba ma so?"

"Gidan tashi ya yi ya koma titi? Ba nan ubanka ya gina shi ba?"

"Ai shi nake gaya miki, ba inda za ki. Ɗakin kusa da shago zan gyara miki, mai taga, ki sha iska. Ke da ƙawarki bango ne kawai a tsakani."

Ta so ta ce masa ba bango ake dubawa ba, ƙofa ake dubawa. Ta so ta gaya masa akwai alkawari a kanta, amma in ta faɗi alkawarin dole ta faɗi dalilinsa, faɗin dalilin kuwa shi ne tona asirin. Sai ta haɗiye.

"Kai ɗan nan, ka bar mini ko 'yar kafa ce, wadda zan leƙa."

"Bayan damina, Inna, sai a duba."

Wanda ya haifi ɗa ya san ma'anar wannan amsa. Ita ma ta sani.

Ranar da birkila ya zo, lungu kaf ya fito kallo. Aka cire ƙyauren da mijinta ya sa da hannunsa, aka jingine shi a tsakar gida. Ta Ƙurya ta tsaya a kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, tana ta ba birkila umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Ya jera bulo ya kai mata gwiwa, sai ya ɗago.

"Baba, ciki za ki tsaya ko waje? Wanda zan ɗora yanzu ba ya tsallakuwa."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, don kada a ga idonta. Ta tattare zani ta koma ciki. Makitsiya na zaune a ƙofarta da kan wata a hannu, ta ɗaga murya.

"To, 'yan titi, sai mun zo ganin gayu! Ki dai riƙa shafa hoda, can ba a fita da fuska haka!"

"Ki zo, in ba ki ruwan sanyi ki san kin shigo birni!"

Suna ta jifan juna da magana bango na tashi. Ya rufe zanin Makitsiya, ya rufe hannuwanta, ya rufe bakin da ke tsiya, ya bar ɗankwali, sannan shi ma ya tafi. Ta Ƙurya ta tsaya a zaure mai duhu tana shaƙar ɗanyen siminti, ranta ya ɓaci ɓacin da ba ta taɓa ji ba tun rasuwar mijinta. Kafin la'asar an cika zauren da matattun injuna, an sa kwaɗo.

Washegari ta ce za ta gidan Makitsiya. Nan ta gane abin da aka yi mata. Sai da ta nemi takalmi, ta nemi mayafi, ta ratsa shago ana gafara gafara. Ta bi gefen kwalta, ta wuce mai faci, ta wuce gidan mai, ta tsaya babura suka gama wucewa, ta karya kwana a kemis, sannan ga bakin lungu. Ta shiga tana haki, ta bi shi har ƙarshe, ta zo ta tsaya dab da bangon gidanta. Tafiyar nan duka, don ta iso inda ta kwana.

Aka yi murnar ganinta, wannan gaskiya ne. Amma irin murnar ce ta fi zagi ciwo. Matar mai shayi ta ruga ta ɗauko tabarma. Uwar tela ta kawo ruwa a kofin gilashi, wanda Ta Ƙurya ta san a saman kabad yake zama, ba a sauke shi sai an yi baƙi. Aka ce mata ya hanya. Ya hanya! Ita da ta yanke cibiyar rabin yaran lungun.

"Ku ɗauke kofin nan," in ji ta. "Moɗa ta ƙare ne a gidan?"

"Haba Goggo, kin sha tafiya."

Makitsiya ce kaɗai ba ta sake ba. "Ku bar ta ta sha a gilashi, 'yar titi ce. Ke kuma matsa, kin tare mini haske."

Da farko kullum sai ta je. Daga baya gwiwa ta fara magana, ta koma tsallake kwana, ta koma sai in ta ji dama. Duk zuwan da za ta yi sai ta tarar an yi wani abu ba ta nan. An yi faɗa an shirya. An kwashe kwata, ba wanda ya nemi tsintsiyar gidanta. Tela ya sa ranar aure. Sai a ce mata au, ba ki ji ba? Ta ina za ta ji? Ɗakin da aka ba ta yana manne da shago, daga safe har magariba janareto ne ke kuka, a kashe wannan a tada wancan. Tsakaninta da lungu akwai tsakar gida, akwai sito, akwai bulo. Ko ganga ake bugawa a can, ita hayaƙi kawai take samu.

Injiniya ya ga uwarsa na ramewa, ya sayo mata waya.

"Ki ba su lamba, Inna. In da wani abu sai su kira ki."

Ta juya wayar a hannu kamar an ba ta kunama. "Wa ya taɓa kiran maƙwabcinsa a waya? Gaba muke yi?"

Ta jefa ta cikin kwanon da take ajiye maɓallai. Ba wai ba ta ga hikimar maganar ba ne. Ta gani. Amma ranar da ta tsaya a lungu ta ce ga lambata, ranar ta yarda da bakinta cewa ta zama ta nesa, ita kuwa gara a yanka ta.

Da damina ta kama, Makitsiya ta fara tari. Ta rame, wuyanta ya fito, ta daina karɓar kitso. 'Yarta ta baro gidan miji ta zo jinya, amma tsohuwar ba ta yarda a taɓa mata jiki ba. Ko za ta yi rarrafe, ita ke shiga ta yi wankanta ta fito da riga a jiki. Wani hantsi Ta Ƙurya ta je ta tarar da ita a jingine da bango, Makitsiya ta ce sai ta yi mata kitso.

"Ke da ba ki iya riƙe cokali?"

"Zauna, don Allah. Kanki kamar sheƙar kaza, kina zubar mana da mutunci a titi."

Ta zauna. Yatsun da a da in sun ja gashi sai mace ta yi ƙwalla, yau sai lalube suke. Da 'yar ta shiga kicin, Makitsiya ta sunkuyo dab da kunnenta.

"Abin nan ne ya dawo. Na sani, ba sai likita ya gaya mini ba. Kina dai tune?"

"Ina tune."

"Ke kaɗai."

"Na ji! Kullum magana ɗaya, sai ka ce mai tallan gishiri."

"To in kika saɓa, wallahi sai na riƙa zuwa miki a mafarki ina tsefe miki kai da ƙarfi."

Kitson bai ƙaru ba, rabi aka yi aka ɗaura ɗankwali. Da za ta tafi, 'yar Makitsiya ta rako ta har bakin lungu, abin da ba a taɓa yi mata ba a da. Maganar ta zo wa Ta Ƙurya har kan harshe: in kin ga jikin ya canza, ki turo a gaya mini. Kalma nawa ce? Ta buɗe baki, ta dubi yarinyar da ta goya a bayanta, sai kunya da girman kai suka hana ta. Ita za ta roƙi a aiko mata?

"Ki riƙa dafa mata ruwan zafi," abin da ta ce ke nan.

"To, Goggo. Sai kin leƙo."

Bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska mai kada turakun wuta. Gari ya rasa lantarki, duk mai mataccen janareto ya tuna da shi. Shagon Injiniya ya cika har bakin kwalta, ƙara ta ninka, yana ta murna yana cewa kakarsa ta yanke saƙa. Gefen titi ya zama tafki, gwiwar Ta Ƙurya kuma ta kumbura ta yi suntum. Ta zauna a ɗaki tana gasa ta da tsumma, ta ce bari ruwa ya janye. A cikin kwanakin ne aka kawo amaryar tela, ita ba ta ma san an kawo ba.

Ba ta yi mafarki ba, gabanta bai faɗi ba, ko ƙwarewa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi cin ta daga baya. Ta ci abincinta, ta yi barcin rana, har ta yi wa ɗanta faɗa a kan ya bar mata sifana a bakin randa.

Da ƙasa ta ɗan tsane, ta sa Injiniya ya sayo mata man zafi kwalba biyu, ɗaya nata ɗaya na Makitsiya. Ta ƙulle a bakin mayafi ta kama hanya tana ɗingishi. Tun daga kemis ta hango benci a bakin lungu, maza zaune a jere, ba mai hira. Suka gan ta, suka sunkuyar da kai. Mai shayi ya miƙe ya ce, "Goggo, sai haƙuri," ita kuwa ba ta tambaye shi haƙurin me ba. Ta wuce, ta manta da gwiwa.

Takalma sun cika ƙofar Makitsiya har sun kai jikin sabon bulo. Ta kutsa ciki. 'Yar na zaune tsakiyar mata, ido ya kumbura, tana ganinta ta fashe da kuka.

"Goggo, sai yanzu?"

"Ina take? Kada kowa ya taɓa ta! A ɗora ruwa."

'Yar ta share hawaye.

"Goggo, ai tun jiya da hantsi. Kafin azahar an kai ta."

Ta Ƙurya ta nemi bango ta dafa. "Jiya? Ina nan, ina bayan bangon nan, aka kai ta jiya? Wa aka aiko mini?"

Mata suka dubi juna. Ba wadda ta taɓa kawo tambayar a ranta.

"Aike kuma, Goggo?" in ji 'yar. "Mun aika wa dangin Baba, mun aika gidan mijina, har ƙanwarta ta ƙauye an kira. Amma ke? Ke da kike nan? Ihun da na yi, wallahi na ɗauka har gidan mai an ji."

"Mun jira ki fa," in ji matar mai shayi. "Ta sha faɗa cewa ke za ki yi mata wanka, kowa ya sani. Aka ɗora ruwa, aka ce a dakata, yanzu Ta Ƙurya za ta fito. Har ruwan ya huce aka sake ɗorawa. Ni kaina sau nawa na leƙa ƙofarki..." Sai ta dafe baki, don ta tuna ƙofar an toshe ta.

"Da ba mu gan ki ba muka ce ƙafar ce ta hana," in ji wata. "Maza kuma na ta aiko a yi sauri, hadari ya haɗo."

"Ba wanda ya ce a zagaya a buga mini?"

"Mun ɗauka kin ji, Goggo. Wa zai zo ya ce miki an yi rasuwa a lungu?"

Da sun ce sun manta da ita, da ta sami wanda za ta zaga, ta huce. Ba su manta ba. Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana neman mai laifi, ba ta samu ba.

"Wa ya yi mata?" ta tambaya, muryarta a dushe.

"Uwar tela. Amaryarsu ta zuba ruwa, tun da idon tsohuwar ba ya gani sosai."

Aka matsa mata a gefen tabarma, wajen bakin ƙofa, inda masu zuwa gaisuwa ke zama su tashi. Ta zauna. Kwalbar man zafi na tokarinta a cinya. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙi zuwa. Mata na shigowa suna fita, ana Allah ya jiƙanta, ana amin, ita tana kallon labulen ɗakin da aka yi wankan.

Can sai wata yarinya ta zo ta tsuguna a gabanta da ruwa, lalle bai gama fita a hannunta ba. Ta Ƙurya ba ta taɓa ganinta ba, amma ba sai an gaya mata ko wace ce ba. Yarinyar ta gaishe ta da ladabi, ta zauna kusa. Ka ga wadda abu ke ci a ciki, ta gaya wa duk wanda ta sani, yanzu tana neman sabon kunne. Ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Baba, duniyar nan abin tsoro ce. Ni na zuba mata ruwa. Kin san ashe nono ɗaya gare ta? Wallahi ɗaya! Ɗayan auduga ce aka ɗinke, da muka cire riga ta faɗo ƙasa. Na kusa sakin buta. Shekara da shekaru fa tana yaudarar mutane, ga gayu ga baki. Tun jiya maganar da ake yi ke nan, har masu shayi sun ji."

Ta Ƙurya ta ji kunnenta ya yi dum. Ta dubi matan da ke zaune, sai yanzu ta lura da yadda suke sunkuyar da kai biyu biyu suna motsa baki, suna taɓa ƙirji. Ta damƙi hannun yarinyar, damƙar da ta sa ruwan ya zube.

"Ƙarya kike yi."

"Wallahi Baba, da idona..."

"Idonki ne ya gaya miki ƙarya! Biyu Allah ya ba ta, biyu ta koma da su. Kina ji na? Lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ragu a jikinta. Ki je ki gaya wa duk wanda kika gaya wa!"

Muryarta ta tashi har masu addu'a suka dakata. Wasu suka dubi ƙasa, wasu suka dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

Amarya ta zare hannunta a hankali tana murza wurin. Ba ta yi fushi ba, mamaki ne ya kama ta. Ta ƙare wa tsohuwar kallo, daga mayafin fita unguwa har taɓon titi da ya bushe mata a ƙafa.

"Allah ya ba ki haƙuri, Baba," in ji ta. "Amma mu nan lungu ɗaya muke da ita. Ke a ina kika san ta?"

Ta Ƙurya ta gyara mayafinta. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta fita neman takalmanta cikin na baƙi.